Tecno, Samsung, iPhone ko MiFi: abin da kwali ba ya faɗa wa mai sayen waya a PZ

Duk ɗalibin da ya taɓa hawa mota daga bakin babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya bi titin Sakkwato, ya wuce Kwangila, ya sauka a PZ da niyyar sayen waya, ya san yadda cinikin yake farawa. Kafin a gama gaisawa an riga an jera masa kwalaye uku a kan gilashi, mai shago kuma ya shiga karanto masa lambobi: “Malam, wannan kyamararta 50 ce, RAM ɗinta 8, batir ɗinta 5,000. Wallahi ba ta da matsala.” Mai saye zai dubi aljihunsa, ya zaɓi wadda lambobinta suka fi girma a kan kuɗin da yake da shi, ya koma Samaru yana ganin ya yi dabara.

Akasarin lambobin nan ba ƙarya ba ne. Sai dai ba su ne suke bambanta wata waya da wata ba. Ga matashin da wayarsa ita ce bankinsa, ita ce ɗakin karatunsa, ita ce kuma hanyar da yake bibiyar abin da gwamnati ke yi da sunansa, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: shekara nawa na'urar za ta yi tana aiki lafiya, kuma a hannun wa makullinta yake? Wannan kuwa ba a rubuta shi a jikin kwali.

Ita kanta unguwar da ake cinikin ta saba da kayan da ake ƙerawa a nesa a kawo. Sunan PZ ya samo asali ne daga kamfanin Paterson Zochonis, ɗaya daga cikin kamfanonin Turawa da suka kafa kantuna a Sabon Gari bayan titin jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911. A wancan zamani auduga da gyaɗa ake fitarwa, a shigo da atamfa da sabulu. Yanzu wayoyi ne ke zuwa daga Shenzhen ta ƙasar Sin, su biyo ta Legas ko Kano.

Darasin BlackBerry

Wayar salula ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da MTN da Econet suka buɗe layukansu. Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. Shekarun farko na Nokia ne. Daga baya BlackBerry ta zama abin alfahari a jami'o'i, har ta kai ga ba a tambayar mutum lambar waya sai lambar BBM ɗinsa, kuma da ita aka yaɗa da yawa daga cikin saƙonnin zanga-zangar cire tallafin man fetur ta watan Janairun 2012. To, ina take yau? An rufe manhajar BBM ta gama-gari a watan Mayun 2019, sannan a ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya daina tallafa wa tsoffin wayoyinsa baki ɗaya. Wayoyin da babu abin da ya fashe a jikinsu suka koma kayan ajiye wa a durowa.

Abin lura a nan shi ne, babbar waya ba kamar keke ba ce da za ka saya ka mallaka har ya tsufa. Rabin ta yana hannunka, ɗaya rabin yana hannun kamfanin da ke aiko mata da sabuntawar manhaja. Ranar da ya daina, ranar ta fara mutuwa, ko da gilashinta yana sheƙi.

Yadda kamfani ɗaya ya cika shagunan

Mai sayen da ke kwatanta Tecno da Infinix da itel yana iya zaton kamfanoni uku ne ke gasar neman kuɗinsa. A gaskiya uwa ɗaya ce ta haife su: Transsion, wanda ke da hedikwata a Shenzhen, kuma ya fara da Tecno a 2006. Oraimo mai caja da fawa bank nasa ne, haka ma Carlcare mai gyara. Kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka daga gidansa suke fitowa.

Bai kai nan da sa'a ba, kuma adalci ne a faɗi haka. A lokacin da manyan kamfanonin duniya ke turo mana ragowar abin da suka ƙera don Turai, Transsion ya lura cewa mutumin nan ƙasar yana yawo da layi biyu ko uku saboda babu kamfanin sadarwar da za a dogara da shi shi kaɗai, sai ya mai da waya mai sim biyu abin yau da kullum. Ya lura cewa kyamarori ba sa fitar da fuskar baƙar fata da kyau, ya gyara nasa. Ya sa manyan batura saboda ya san halin wutarmu, ya kuma sanya Hausa cikin harsunan wayoyinsa. Mafi girman abin da ya yi shi ne cika kasuwa da kayan gyara. Idan gilashin Tecno Spark ya fashe da safe, da wuya la'asar ta yi ba a sauya shi a PZ ba, kuma kuɗin ba zai kai mutum ƙasa ba. Wannan fifiko ne na gaske, wanda masu raina wayoyin nan ba sa lissafawa.

Amma araha tana da inda take karɓar kuɗinta. Wayoyin suna zuwa ɗauke da manhajojin da mai saye bai nema ba, wasu daga kamfanonin da ke da alaƙa da Transsion ɗin, kamar Boomplay da PalmPay, tare da tallace-tallacen da ke faɗowa ba sallama suna cin data. A watan Agustan 2020 kuma, binciken da kafar BuzzFeed News ta wallafa tare da masana tsaro na Secure-D ya gano cewa dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashen Afirka sun zo da muguwar manhaja tun daga kwali, wadda ke ƙoƙarin yi wa masu su rajistar biyan kuɗi ba da saninsu ba. Kamfanin ya ɗora laifin a kan wani daga cikin masu kawo masa kaya, ya ce ya magance matsalar. Tsohon labari ne game da tsohuwar waya, amma yana nuna cewa sabon kwali ba shi ne shaidar tsabta ba.

Lambobin da ke jikin kwali

A fara da RAM, wato wurin da waya ke riƙe ayyukan da take yi a lokaci guda. Idan aka rubuta 8 da manyan baƙi, a duba ƙananan da ke ƙasa. Sau da yawa za a ga 4+4. Huɗun farko su ne na ainihi. Huɗun biyu aro ne daga ma'adanar wayar, wadda ba ta kai RAM sauri ko kusa ba. Waya mai 6 na ainihi ta fi mai 4+4 aiki, duk da cewa lambar kwalinta ta fi ƙanƙanta.

Haka kyamara. Megafiksel 50 yana faɗin yawan ɗigon da ke cikin hoto ne kawai, ba ingancinsa ba. Galibin wayoyin ma suna haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, su ba ka hoto mai kimanin 12. Abin da ke sa hoto ya fito shi ne girman idon da ke karɓar haske da kuma ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi, shi ya sa tsohuwar iPhone mai 12 take doke sabuwar waya mai 50 idan rana ta faɗi. Ramuka uku ko huɗu da ake gani a bayan wasu ƙananan wayoyi kuwa, ɗaya ne kawai ke yin aikin kirki.

Batir mai 5,000 ya zama gama-gari, don haka ba shi ne abin kwatantawa ba. A tambayi ƙarfin cajar, domin wanda ke samun wuta ta awa biyu a rana ya fi buƙatar waya mai saurin cika. Duk wanda ya ga watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta bar yawancin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, masu shagunan caji suka zama sarakunan unguwa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Lambar da ba a rubutawa

Kowane wata ana gano sabbin ɓarakoki a manhajar Android, Google ya fitar da faci, sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ga dama ya aiko da shi. Wayar da aka daina aiko wa faci kamar gida ce da aka san inda katangarsa ta zube, ba a kuwa gyara ba. Tana ci gaba da aiki, amma a cikinta ne manhajar banki take, da hotunan katin zaɓe da na NIN, da hirarrakin ƙungiya.

A nan ne bambancin gaske yake. Samsung ya yi alkawarin shekara shida na sabuntawa ga Galaxy A16 da ya fitar a ƙarshen 2024, da shekara bakwai ga manyan wayoyinsa tun daga S24. Tecno da Infinix sun fara matsowa: jerin Camon 30 da Note 40 sun zo da alkawarin shekara uku na facin tsaro. Amma ƙananan wayoyin da suka fi fita a kasuwa, a kan Android ɗin da aka saye su galibi a kansa suke ƙarewa. Kuma ba kowace Samsung ce ke da shekara shida ba. Alkawarin na samfuri ne, ba na suna ba, don haka sai an bincika ɗaya bayan ɗaya.

Lissafin mai sauƙi ne: a raba kuɗin waya da shekarun da za ta yi cikin kariya. Wadda ta fi tsada da rabi amma za ta ninka shekaru, ita ce mai araha. Na san wannan magana tana da sauƙin faɗa ga wanda kuɗin ke hannunsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, farashin wayoyi ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, kuɗin guzurin da NELFUND ke ba ɗalibi a wata kuma 20,000. Wanda ke kan wannan ma'auni abin da ya samu shi zai saya. Amma ko shi, tsakanin wayoyi biyu masu kuɗi ɗaya, gara ya ɗauki wadda ta fito bana a kan wadda ta shekara biyu a kanta, domin agogon sabuntawa yana fara bugawa ne daga ranar da samfurin ya fito, ba daga ranar da aka saya ba.

iPhone ta hannu

Kusan duk iPhone ɗin da ke aljihun ɗalibai ta hannu ce, irin wadda 'yan kasuwa ke kira ta Landan, ko da daga Amurka ko Sin ta fito. Tana da abin yabo: Apple yana sabunta wayoyinsa shekaru da yawa, kyamararta tana da kyau, bidiyonta ya fi na takwarorinta, kuma tana riƙe daraja idan an tashi sayarwa. Sai dai shekarun nan wani ne ya riga ya cinye mafi yawansu. iPhone XR ta fito a 2018, kuma iOS 26 da aka saki a watan Satumban 2025 bai haɗa da ita ba. A shekarar ce kuma WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6. Abin dariya, a ƙarshen 2025 ɗin aka yi ta cece-kuce a kafafen sada zumunta kan wannan XR ɗin da ake sauya wa riga ta yi kama da sabuwar iPhone 17. Kyan ɗan maciji ke nan: rigar ta bana, cikin na shekara bakwai da suka wuce.

Akwai wasu tarkuna. iPhone ɗin da aka ƙera don kasuwar Amurka, daga 14 zuwa sama, ba ta da wurin sa sim. Sai eSIM, wanda sai an je ofishin kamfanin sadarwa ko an bi matakansa kafin ya hau. Wadda ke ɗaure da asusun iCloud na tsohon mai ita ba ta da amfani, komai alkawarin da aka yi na buɗe ta. Batirin da lafiyarsa ta sauka ƙasa da kashi 80 yana neman canji. Idan kuma gilashinta ya fashe, kuɗin na ainihi yana iya sayen sabuwar itel. Ra'ayina shi ne, wanda sana'arsa ɗaukar bidiyo ce yana da hujjar sayen ta. Wanda don a gani yake so, yana sayen ɗawainiya ne.

MiFi da maganar sabis

Ɗaya na'urar da ake kwatantawa da waya ita ce MiFi, 'yar akwatin nan mai girman sabulu da ake sa wa sim ta raba intanet ga na'urori da dama. Tun da hukumar NCC ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50, mutane suka fara lissafin kowace giga, kuma tsare-tsaren datar da ake sayarwa don MiFi da rauta sau da yawa sun fi na waya sauƙi ga mai sayen da yawa. Ga ɗalibai huɗu a ɗaki ɗaya a Suleiman ko Amina, ko ga mai rubuta kundin digiri da kwamfuta, tana da ma'ana: a haɗa kuɗi, a ajiye ta a bakin taga inda sabis ya fi ƙarfi, wayoyi kuma su huta da zafin raba data da cinye batir.

Ga mutum ɗaya kuwa, ƙarin kaya ne da ƙarin abin caji. Kuma yawancin waɗanda kamfanonin sadarwa ke sayarwa da araha a kulle suke da layinsu. Ranar da sabis ɗin kamfanin ya faɗi, ta faɗi tare da shi. Waya mai sim biyu ta fi ta a nan. A ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ba duk kamfanoni abin ya shafa daidai ba, kuma waɗanda ke da layi na biyu su ne suka ci gaba da tura kuɗi.

Kafin a biya ƙarin kuɗi don 5G, a tambayi ina za a same ta. Da MTN ya fara a 2022, birane bakwai ya ambata, Kano da Maiduguri suna ciki, Zariya ba ta ciki. An faɗaɗa daga baya, amma ita 5G ɗin da ake da ita tana tafiya ne a kan zangon da ba ya nisa kuma ba ya ratsa bango sosai. Abin da ya fi amfani shi ne wayar ta dace da zangunan 4G na nan gida. Misali, Glo yana amfani da zango na 28, wanda wasu wayoyin da aka ƙera don wasu ƙasashe ba sa kamawa.

Inda siyasa ta shigo

Akwai ranar da duk wannan kwatance ba ya aiki. A watan Satumban 2021 an katse sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya da sunan yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtuwa da ke gaba a kan wannan titin na Sakkwato, sannan wasu sassan jihar Kaduna. A wuraren nan iPhone da 'yar tocila da MiFi duk ɗaya suka zama. A shekarar ce kuma aka toshe Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. A ƙarshen Yulin 2024, ana saura kwanaki a fara zanga-zangar tsadar rayuwa, an wayi gari an rufe layukan mutane da yawa kan batun haɗa su da NIN, sai da NCC ta ba da umarnin a buɗe. Makullin layi ba ya hannun mai waya, shi ya sa sayen sim ko MiFi da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani ganganci ne: ranar da aka rufe ba ka da bakin magana, ranar da aka aikata laifi da sunan kuma ba ka san inda za ta ɓulle ba.

Makulli na biyu na masu ba da waya bashi ne. Tsare-tsare irin na EasyBuy da M-KOPA sun sa mutane da yawa sun mallaki wayar da ba za su iya biya lokaci guda ba, wannan gaskiya ne. Amma jimillar abin da ake biya ta fi farashin kanti, kuma a irin wannan ciniki ana sanya manhajar da ke iya kulle wayar daga nesa idan an yi jinkirin biya. A karanta takardar, a haɗa lissafin watannin duka kafin a sa hannu.

Sai ranar zaɓe. Ita ma BVAS da INEC ta yi amfani da ita a 2023 na'urar hannu ce mai dogaro da batir da sabis kamar kowace. A ranar 25 ga Fabrairun shekarar, sakamakon zaɓen shugaban ƙasa daga rumfuna bai hau shafin IReV a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a watan Oktoba cewa shafin ba wurin tattara sakamako ba ne. Abin da ya rage a hannun wakilan jam'iyyu da masu sa ido shi ne kwafin takardar EC8A da hoton da suka ɗauka da wayoyinsu. Ƙidaya kuwa a rumfuna masu cunkoso takan kai bayan magariba. Matashin da ke shirin tsayawa a rumfa a 2027, kyamarar da yake buƙata ita ce wadda za ta nuna bambancin 1 da 7 a rubutun biro ƙarƙashin hasken tocila, da batirin da zai kai dare. Idan ya ɗauka, ya tura hoton a WhatsApp a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar da aka saba tana matse shi ta goge bayanan lokacin da aka ɗauke shi.

Wannan gwaji ana iya yin sa a cikin shagon, kafin kuɗi su bar hannu. A nemi wata takarda mai rubutun hannu, a shiga kusurwar da ta fi duhu, a ɗauka, a faɗaɗa hoton a ga ko lambobin suna karantuwa. A shiga saitin wayar a duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe da kuma ainihin RAM. A sa layin da ake amfani da shi a ga ko 4G ta hau. A danna *#06# a kwatanta lambar IMEI da ta jikin kwali, a tabbatar mai shago ya rubuta ta a rasit tare da sunan shagonsa, musamman idan wayar ta hannu ce, domin da wannan lambar ake bin sawun wayar sata, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa. Mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ka minti goma na wannan ba. Wasu ma su ne za su miƙo maka takardar.